Abin da Sitika Ta Rufe

Abu huɗu nake dubawa kafin in yarda a buga mini kowane zane a jikin riga. Kada a ga mace ba sutura, kada a ga kwalba, kada a ga gicciye, kada kuma a ga rubutun Larabci, don ba ka san inda mai riga zai shiga da ita ba. Duk wanda ke sayen tufafi a Guangzhou yana aikawa Kano ya san wannan ƙa'ida ko ba a zaunar da shi an karanta masa ba. Na yi shekara goma sha ɗaya ina bin ta ban taɓa tuntuɓe ba, har na fara ɗaukar kaina malama. Ni ce mai tara sababbin zuwa ina ce musu su buɗe ido, mutanen nan ko hoton shaiɗan ka nuna musu za su buga maka, su kuma yaba maka zaɓi.

Ofishina ɗan ƙaramin ɗaki ne can sama a ginin Tianxiu, tebur ɗaya, kujera uku, da wani tsohon firji da ya fi ni surutu. Abin da na saya ƙanena ke karɓa a Kano. Shi ke zaune a rumfarmu cikin kasuwa tun bayan rasuwar maigidana. Ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya huɗu, amma yana da i'ina mai nauyi. In hankalinsa a kwance yake sai ku yi ta hira ka manta da ita. In aka matsa masa kuwa, ko aka ɗaga masa murya, kalmar farko sai ta maƙale masa a maƙogwaro, ya yi ta lumshe ido yana buga ƙafa a ƙasa, ta ƙi fita. Muna yara na sha dambe a kansa, har da maza, kuma ba kullum nake cin nasara ba.

A shekarar da nake magana, samarin Kano suka taso da son riguna masu hoton tsofaffin finafinan Turawa, irin fostocin da ake mannawa a ƙofar silima tun kafin a haifi iyayensu. Ba su san fim ɗin ba, ba su damu su sani ba, su dai a ga mutum da malafa da doguwar kwat a ƙirjinsu. Ni ma hotunan sun taɓa ni. Muna ƙanana akwai gidan silima a hanyarmu ta islamiyya. Mu mata ko kusa da ƙofar ba ma zuwa, in aka gan ki a wurin sunanki ya ɓaci ke nan. Amma daga tsallaken titi nakan rage sauri in saci kallon bangon, in ƙirƙiro wa mutanen da ke cikin hoton labari a raina har in isa makaranta.

Wadda ke buga mini riguna tana da shago a kasuwar Canaan. Lawban nake kiranta, wato shugaba, ita ma haka take kirana, mun shekara takwas muna lawban-lawban da juna. Mace ce gajeriya mai taurin kai a ciniki. Tana da wani littafin samfur mai kauri cike da tsofaffin fostoci, kowanne an manna masa farar sitika mai lamba. Ka nuna, ta rubuta lambar, shi ke nan. Na zauna na yi ta buɗawa ina watsar da masu mata da masu kofin giya, har na zo kan wani mai launin rawaya da baƙi. Wani siririn titi ne, gidaje dama da hagu, kowace taga da fuskar mutum yana leƙowa. A tsakiya ɗan sanda ne da malafa yana haska tocila ƙasa. Can ƙasa kuma hannun wani mutum ne a kan daɓe, sitikar lambar tana zaune daidai kan tafinsa. Akwai rubutu, amma ba Turancin da na sani ba ne, na ɗauka sunayen 'yan wasa ne. Na duba abubuwana huɗu, babu ko ɗaya. Na ce a yi mini dila biyu.

A al'adata sai na ga rigar farko da idona, na juya ta ciki da waje, kafin a ci gaba. Wannan karon ya faɗo a makon baje kolin Pazhou, ina da baƙi mata biyar daga gida waɗanda ko lifta ba sa shiga sai da ni. Lawban ta turo mini hotuna a waya, rigunan a ninke cikin leda, rabin sama kawai ake gani, ga ɗan sanda ga tagogi. Na duba a tsaye cikin hayaniya na ce ya yi. Aka ɗaure, aka loda a kwantena, jirgi ya tashi. 'Yan rarar da suka saura ta aiko mini a jaka, na jefa ƙarƙashin tebur na manta.

Kusan wata biyu bayan haka, wata ranar Talata bayan azahar, wani Alhaji ɗan Maraɗi da ofishinsa ke kallon nawa ya leƙo neman ruwan zafi. Dattijo ne mai sayen takalma, mun daɗe muna mutunci. Ya ce zai tafi gida ƙarshen mako, sai na tuna da jakar nan, na ce bari in ba shi tsarabar samarinsa. Ya zaro guda, ya yage ledar, ya warware ta a gabansa. Na ga murmushinsa ya tsaya. Ya matsar da ita kusa da fuska, ya sake nisantawa.

"Hajiya, kin san abin da anka rubuta ga wagga riga?"

Na ce sunayen 'yan fim ne.

"A'a. Faransanci ne. Cewa anka yi, laifinsa guda, an haife shi Bayahude."

Ya juyo mini da ita. A tafin hannun nan, inda sitika take a littafi, akwai sarƙar wuya, a jikinta kuma tauraro mai tsini shida. Ba ƙarami ba ne. A jikin riga ya kai faɗin murfin kofi, fari fat a kan baƙi, shi ido ke fara kamawa.

Gabana ya faɗi, na dafa tebur na zauna. Kwanakin nan ne ake yaƙi a Falasɗinu, kowace waya cike da hotunan yara ana zaro su daga ƙarƙashin gini. Ni kaina na yi kuka a kansu ba sau ɗaya ba. A Kano ana ta fitowa tituna, ana taka tuta mai wannan tauraron ana cinna mata wuta, na gani a bidiyon da ake turo mini. Babu yaron da bai san shi ba a lokacin. Kuma jiya-jiyan nan ƙanena ya rubuto mini cewa mota ta iso daga Legas, an sauke kaya, gobe da safe za a fasa dila.

Na dubi agogo, ƙarfe uku da 'yan mintuna. Kano tana bayanmu da awa bakwai, wato can takwas na safe ta wuce kaɗan. Ba a fasa dila sai wajen goma, in 'yan sari sun taru. Haka ake yi a layinmu, ba a buɗe sabon kaya a ɓoye. Ana jawo dilar bakin rumfa, a yanke igiya a gaban kowa, mutum ashirin ko talatin su rufa a kai, kowa yana ɗaga riga sama yana dubawa. Cikinsu akwai 'yan Nijar da yawa masu karanta Faransanci kamar Alhaji. A raina na hango wani ya ɗaga rigar ya ce mene ne wannan. Na hango ƙanena ya buɗe baki.

Na san garinmu. Ina son sa, a nan za a binne ni in Allah ya yarda, amma na san shi. Na san yadda magana ɗaya ke tashi daga bakin rumfa ta kai ƙarshen layi ta dawo da mutum ɗari, rabinsu ba su san me aka yi ba. Mai lafiyayyen baki ma da ƙyar yake samun minti ɗaya ya yi bayani.

Na kira shi. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake, na sake. Ba abin mamaki ba ne, saboda i'inar nan ba ya son waya, kullum a kashe take da murya, ranar fasa dila kuwa cikin aljihun tebur yake jefa ta. Na rubuta masa, kada ka buɗe dila biyun nan masu jan fenti, kada ka buɗe, kada ka buɗe. Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai kunna data ba. Na kira matarsa ta ce ya fita tun da sassafe. Ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya lau, da muryar da ni kaina ban yarda da ita ba. Ban faɗa mata ba, don ta kai ta fita tsakar gida da salati, kafin ta isa kasuwa unguwa ta ji.

Nan na gane inda na shiga. Ina da lambar mutum ya fi goma a layin nan, kowannensu zai iya taka ƙafa ya isa rumfarmu cikin minti biyu. Amma duk wanda na kira sai ya tambaye ni dalili, in kuwa na faɗi dalili na kunna abin da nake gudu da bakina.

Alhaji ya ce, "Hajiya, tashi mu tai wurin matar. Wataƙila rarar kaɗai anka yi hakanan." Ban yarda ba, amma zama ya gagare ni. Muka sauka muka tari tasi a titin Xiaobei, shi a gaba ni a baya, wayata a kunne. A hanya na yi ta harhaɗa abin da za a iya cewa. Na tuna kakarmu tana da wani tsohon kwabo mai huji a cikin adudunta, da wannan tauraron sak a jikinsa, hatimin Annabi Sulaimanu take ce masa. Na ce to, a ce shi ne. Sai na tambayi kaina wa zai tsaya sauraron tarihin kwabo daga bakin mai i'ina, ga kuma rubutu a ƙasa. Na roƙi direba da hannu ya sauke gilashi.

A Canaan na tarar da lawban tana cin taliya a bayan kanta. Na shimfiɗa mata rigar a gabanta, na ɗora yatsa kan tauraron. Ta duba, ta dube ni, ta jawo littafinta ta ɓare sitikar da farce. Ga shi nan a ƙasa, tun ranar farko. Na tambaye ta da guntun Turancinmu na kasuwa ko akwai waɗanda aka buga babu shi. Ta girgiza kai ta ce, "Meyo," wato babu. Duka iri ɗaya ne. Ta ƙara da cewa aikin ya fita tsaf, ko layi ɗaya ba su rage ba, tana faɗa tana alfahari.

Raina ya ɓaci, na zazzaga mata masifa da Hausa, tunda ita ce yaren da nake faɗa da shi. Na ce mata azzaluma, na ce mata maras imani, na ce, "Bayahudiya kawai." Haka nake ce mata a bayan idonta tun shekaru, duk ranar da ta ƙi rage mini ko ta matse ni a ciniki. Haka muke cewa a gida ga duk mai maƙo ko mai mugun wayo, ba wanda ke tsayawa ya ji abin da ya faɗa. Alhaji ya dube ni ya kawar da kai. Ita kuwa ta tsaya da tsinken cin abincinta a hannu, ba ta san laifinta ba. Gaskiya kuma ba ta da shi, ni ce ban ɗaga sitika ba, ni ce ban je na ga rigar farko ba.

Huɗu da rabi ta yi. Tara da rabi a Kano. 'Yan dako sun fara jawo kaya bakin rumfuna ke nan.

Mutum ɗaya ne a layin nan da in ya ce a bari za a bari, shi ne maƙwabcinmu na hannun dama. Babban mutum ne mai murya kamar lasifika, shi ke gaba a duk wani taro, kuma na ga hotonsa da idona a sahun farko na masu zanga-zanga. Bakinsa ba ya riƙe magana. Ga wani abu kuma, bayan na fita takaba ya aiko neman aurena na ce a'a, tun daga nan gaisuwarmu ta zama ta dole. In akwai wanda bai kamata ya ji wannan magana ba a duk Kano, shi ne. Na tsaya da lambarsa a gabana, na yi bisimilla na danna.

"Ah, Hajiyar Caina. Yau kuma mu aka tuna?"

Na ce, "Malam, don girman Allah ka matsa inda ba kowa." Na ji hayaniya ta ragu. Na faɗa masa duka, ban rage ba, sitika, tauraro, rubutu. Na ce kuskurena ne ni kaɗai, yaron nan bai san komai ba, ko ganin rigar bai yi ba. Na ce, "Ka san bakinsa."

Ya yi shiru. Ban taɓa jin mutumin nan ya yi shiru ba. Can ya ce, "To," ya kashe waya.

Ban san wane irin to ba ne. Na sake kira bai ɗauka ba. Na zauna a kan wani kwali a ƙuryar shagon, na ji kamar na miƙa ƙanena da hannuna.

A ƙuryar nan akwai wani tsoho da kullum nake gani da gorar shayinsa ban taɓa kula shi ba. Mahaifin lawban ne. Ashe fostocin nan duka nasa ne, shi ya yi shekaru yana tsinto su wurin masu sayar da tsofaffin takardu, 'yarsa ta mai da su littafin samfur. Ya ɗauki rigar ya shafa hoton da tafin hannu, ya yi wata doguwar magana. Alhaji yana jin Sinanci kaɗan-kaɗan, ya haɗa da na'urar fassara ta waya ya riƙa gaya mini. Wai fim ne da aka yi jim kaɗan bayan babban yaƙin Turawa. Wani Bayahude mai gyaran agogo ne ya dawo garinsu daga sansanin da aka tsare Yahudawa lokacin yaƙin, shi kaɗai ya rage a gidansu. Ya sake buɗe shagonsa. Sai aka fara raɗe-raɗin wai yana musanya wa mutane kayan cikin agogo. Wata safiya aka tsinci gawarsa a bakin titi. Ɗan sanda ya bi gida-gida yana tambaya, kowa ya ce bai ga komai ba, alhali duk suna tagoginsu. Tsohon ya ce lokacin da aka yi fim ɗin masu silima da yawa sun ji tsoron manna fostar, shi ya sa take da wuyar samu, shi ya sa yake ji da ita.

Ni ba labari nake so ba, wayata nake kallo. Amma tsohon ya lalubo fim ɗin a tasa wayar ya ja shi zuwa tsakiya ya miƙo mini har gaban hanci, ba yadda zan yi in ture hannun dattijo. Hoto ne baƙi da fari, ba na jin ko kalma ɗaya. Wani siririn mutum mai tabarau yana tsaye a ƙofar shagonsa, mutane sun kewaye shi. Ba wasu 'yan daba ba ne, akwai mace da kwandon cefane, akwai mai burodi da farar rigarsa. Wani ya ɗaga agogo sama yana nuna wa jama'a. Mai tabarau ya ɗaga hannuwa biyu yana magana, bakinsa yana ta motsi, ba wanda ke kallon bakin. Na baya suna turo na gaba. Wani ya kaɓe masa tabarau, ya sunkuya zai ɗauka.

Na ture wayar, dattijo ko ba dattijo ba. Na fita bakin shagon na jingina da bango na yi kuka a gaban mutane, ni da ko a jana'izar maigidana sai da na shiga ɗaki. Ban taɓa ganin Bayahude da idona ba. A raina su wasu ne masu jirage da bama-bamai, kuma fushin da nake yi da abin da ake yi wa yaran can bai ragu ba, har yau bai ragu ba. Amma wannan mai gyaran agogo ne, da shago kamar namu. Na ji kunyar abin da na kira matar nan ɗazu, na ji tsoro kuma wanda ya fi na farko, don mutanen da ke kewaye da shi na san irinsu, da su nake gaisawa in na je gida. Na kuma san da labarin ya zo mini ta wata fuska, an ce ga wani can ya shigo da rigunan Yahudawa kasuwa, da ni ma na ce Allah ya ƙara, ban tambayi ko yana da i'ina ba.

Biyar ta wuce da kwata. Lawban ta kawo mini ruwan ɗumi a kofin takarda ta tsaya kusa da ni. Biyar da rabi wayata ta yi ƙara.

"Hajiyar Caina, kina ina? Ni ga ni zaune a kan kayanki ina shan shayi."

Ya ce ya isa ana shirin yanke igiya. Ya ce wa 'yan sari dila biyun nan nasa ne, mun gama magana da ni tun suna kan ruwa, wanda bai yarda ba ya zo ya ɗaga shi. Ya sa aka mirgina su rumfarsa, ya hau kan ɗaya ya miƙe ƙafa a kan ɗayar. Ya ce, "Nan zan wuni. Da yamma mu kai su gonata a ƙone. Ke kuma ki riƙa buɗe ido, tunda ku ne malamai." Na haɗiye wannan, na yi ta yi masa godiya har ya gaji ya miƙa wa ƙanena wayar. Shi duk abin ya ɗaure masa kai. Ya ce, "Ya-yaya, me, me ya faru?" Na ce ba komai, ya bi abin da Malam ya ce, zan yi masa bayani in ya koma gida.

An ƙone su a ranar, ƙanena ya tsaya har suka zama toka. Na yi sadaka, na yi azumi uku. Na koma Canaan da ledar dabino na ba lawban, ta karɓa tana mamaki, ba ta san na me ba ne. Na ɗauka an gama.

Malam ya riƙe maganar kwana tara, wanda a wurinsa ba ƙaramin jihadi ba ne. Daga nan ya fara ba da ita a majalisa, yadda ya hau dila ya ceci rai. Tunda babu rigar da za a ɗaga a nuna, abin bai zama wuta ba, ya zama abin dariya. Aka yi ta tsokanar ƙanena, ina rigunan mutanenka, yaushe za ka kai mu can. Cikin wata guda sunan ya zauna. Bayahude, kawo canji. Bayahude, an kira salla. Ba ni da bakin yi wa Malam ƙorafi, mutumin da ya wuni a kan dila saboda mu.

Wata rana muna waya da ƙanena, ya kunna murya saboda hannunsa na cikin aiki, na ji wani daga nesa yana tambaya ina rumfar Bayahude. Baƙuwar murya ce, ba ta ɗan layinmu ba. Wani ya ce ga ta can. Na tambayi ƙanena wane ne, ya ce wani ɗan sari ne daga ƙauye, bai san shi ba, haka aka yi masa kwatance. Wato sunan ya fita daga hannun waɗanda suka san labarin, ya isa wurin waɗanda suna kawai suka ji.

Na ce masa ya hana. Na ce ya tsaya a tsakiyar layi ya ce ba ya so, in ya ƙi ni zan hau jirgi in zo in yi musu tas. Na yi ta faɗa kamar yana gabana. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce babban ɗansa ya dawo daga makaranta jiya da leɓe a fashe, wai wasu sun ce masa ɗan Bayahude, shi kuma ya rama.

Na ce, "To kai me ka yi?"

Ya daɗe kafin kalmar ta fito. Ina jin ƙafarsa tana bugun daɓen rumfa.

"Ni ba, ba na iya musu, Yaya, kin sani. In sun faɗa sai in yi dariya tare da su. In, in ina dariya ba sa matsowa."